Tsakuwar 'Yan Ganye

Shekara talatin da ɗoriya ke nan ina sarin busasshen ganye da zoɓo a ƙauyukan arewacin Kano. Sunana Sale, a kasuwa kuwa Alhaji Sale Mai Ganye. Ina saye a hannun matan ƙauye a yankin Kunci da Zakirai da bakin dam ɗin Watari, in haɗa, in ɗura a buhu, in kai Kano, daga can masu kaiwa kudu su kwasa. Samarin da ke zuwa wurina suna son shiga sana'ar gani suke ganye ne kawai, abin da ko akuya ta san shi. Ba wanda ya taɓa tambayata da me ake gane na kirki. Da baki ake ganewa. Kuma wannan aikin bakin saura ƙiris ya jawo mini asarar ƙodata ta hagu, shi ya sa na ga gara in rubuta yadda abin yake.

Buhun farko da na taɓa dubawa na yakuwa ne, a kasuwar Kunci, a gaban ubangidana Malam Ilu. Lokacin ina da kamar shekara ashirin, na gaji da ƙwadago a gonakin mutane, na roƙe shi ya ɗauke ni. Na kwance bakin buhun, na ɗebi na sama, na duba, na ce yana da kyau.

Ya ce, "Sale, na sama ai don kai aka zuba shi. Zura hannu."

Na zura har gwiwar hannu.

"Har kafaɗa. Buhun ba ya cizo."

Abin da na zaƙulo daga ƙasa ya fi na sama duhu, ya kuma yi laushi. Ya sa na matse shi a tafin hannu kusa da kunnena. Ganyen da ya bushe sosai ƙara yake yi, ya farfashe. Wannan kuwa shiru, ya dunƙule. Ya sa na shinshina. Daga nan ya ce in tauna. Na tauna, tsami ya kama mini muƙamuƙi, can ƙarshe na ji wani ɗaci-ɗaci. Ya ce wannan ɗacin shi ne shaidar an ɗura shi bai gama bushewa ba, kuma kafin wata guda buhun gaba ɗaya zai yi fumfuna.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Buhu, basilla da zaren ɗinki, kwanon awo, sikelin ratayawa, tamfol na shanya, da rariya ta kakkaɓe ƙasa. Duk waɗannan ana saye a kasuwa. Harshe ne ba a sayarwa, shi ke ɗaukar shekaru. Harshe ke gaya maka yakuwar da aka shanya a inuwa da wadda aka watsa a ƙasa, don ta ƙasa za ka ji yashi a haƙori. Shi ke gaya maka zoɓon bana da na bara da aka cakuɗa, don na bara lami yake yi. Shi ke gane alayyafon lambu da aka cika wa taki, da garin kukar da aka haɗa da wani ganye, wanda in ya jiƙa a baki ba ya yauƙi. A ranar kasuwa mai kyau mutum kan ɗanɗana kayan mata masu yawan gaske, kowace sai ka tauna ɗan nata, wata ma sau biyu.

Don kiyaye harshen nan Malam Ilu yana da dokoki uku, kuma ba shi ya ƙirƙiro su ba, haka ya tarar.

Ta farko, ranar kasuwa ba a shan ruwa sai an ɗinke buhun ƙarshe. Dalili biyu ne. Wai ruwa yana wanke harshe ya raunana shi. Na biyun ya fi gaskiya: mai shan ruwa sai ya tashi kewayawa, kuma matan nan ba sa jira. Mace ta taso daga ƙauye da kaya a ka, tana son ta sayar ta yi cefane ta koma. In ta zo wurinka ba ka nan, na kusa da kai ya samu.

Ta biyu, ba a shan nono ko madara ranar kasuwa. Malam Ilu kan ce nono yana shafe harshe kamar yadda ake shafe ɗaki da farar ƙasa. Masu tallan fura sun san mu, ko tsayawa ba sa yi a layin 'yan ganye.

Ta uku ita ce mafi tsanani. Abin da ka tauna sai ka haɗiye. Wata rana a farkon zuwana na tauna zoɓon wata tsohuwa, ya yi mini ɗaci, na juya na tofar. Malam Ilu ya bari sai da ta tafi.

Ya ce, "Ka san kwana nawa ta yi tana ɓare wannan zoɓon? Ka ga hannunta?"

Na ce na gani.

"To ka tofar mata da shi a gaban mutane kamar ta ba ka guba. In ba ka so, ka haɗiye, ka ce Allah ya kawo kasuwa. In ka ƙara, ka koma gonar da ka fito."

Ban ƙara ba, har shekara ashirin da wani abu.

Abincinmu a ranar kasuwa shi ne baƙin shayi mai kauri da safe, kofi ɗaya, da gyaɗa ko ƙuli-ƙuli a aljihu. In an tashi da yamma a sayi kwaɗon zogale ko na rama, a ci, a hau mota. Rana ta dake ka tun hantsi, gumi ya fita, riga ta yi farin gishiri a baya. In ka yi fitsari da yamma kaɗan ne, launinsa kamar na shayin da ka sha da safe. Mu a lokacin abin alfahari ne. Ana cewa wane jarumi ne, yana wuni bai tashi daga kan buhunsa ba.

Kusan duk wanda ya daɗe a layinmu yana fama da ciwon kwiɓi. Muna ɗora laifin a kan ɗaukar buhu da jijjigar a-kori-kura a hanyar ƙauye. Malam Ilu kansa yakan ɗaure ƙugunsa da rawani in abin ya motsa. Ya rasu bayan doguwar jinya a gida, ƙafafunsa a kumbure. Ba a kai shi asibiti ba, don haka ba zan ce ga abin da ya yi ajalinsa ba. Allah ya jiƙansa. Ya bar mu biyu a sana'ar, ni da Haruna Gajere, wanda muka koya tare. Tun daga lokacin shimfiɗar Haruna tana gefen tawa a kowace kasuwa. Muna cin abinci a kwano ɗaya, muna kuma ƙwace wa juna masu kawo kaya.

Wani lodi na zoɓo da na kai Kano shi ya kafa ni. Akwai wata Bayarabiya mai saye da yawa, ba ta yarda da kowa ba, kowane buhu sai an farke mata. Ta farke nawa guda biyar, ba ta samu na bara ko ƙasa a ciki ba, ta ce a bar sauran. Daga ranar ba ta sake farke buhuna ba. Wannan shi ne abin da nake sayarwa a gaskiya. Kowa yana da ganye. Ni abin da nake da shi, in na ce buhu lafiya yake, to lafiya yake, kuma harshena ne ya tsaya mini. Masu dafa abincin sayarwa a birni su ma haka. Mace ta sa kukarka a miya ta ji yashi sau ɗaya, ba za ta yi maka faɗa ba, ba dai za ka sake ganinta ba.

Tsakuwar farko ta kama ni ne a Kunci, muna lodi bayan azahar. Na sunkuya zan kama kunnen buhu, sai na ji kamar an soka mini basilla a kwiɓin hagu, ciwon ya gangaro har mara. Na durƙusa, na kwanta, na tashi, babu yadda na juya na ji sauƙi. Haruna ya ɗauke ni a babur zuwa wani kemis. Aka yi mini allura, ciwon ya lafa. Kwana uku fitsarina da jini-jini. A rana ta huɗu wani abu ya fito, bai kai ƙwayar dawa ba, ruwan ƙasa, jikinsa da ƙaiƙayi. Na naɗe a takarda na kai wa mai kemis ɗin.

Ya juya shi da tsinken ashana, ya ce, "Alhaji, wannan tsakuwar ƙoda ce. Kalshiyam ne ke yin ta, wato abin da ke cikin nono da madara. Kana shan fura?"

Na ce duk ranar da ba kasuwa, sai na sha da rana.

"To ka daina."

Ba mugunta ya yi mini ba, iyakar saninsa ke nan, kuma maganar ta yi kama da hankali. Na daina. Na ce wa uwargidana a daina dama mini fura, ta koma yi mini kunun gyaɗa. Shayi kuma baƙi ko a gida. Sauran dokokin kasuwa na ci gaba da su yadda suke.

Shekara biyu bayan haka aka yi mummunar shekararmu. Damina ta yi kamar ta tafi, mutane suka yanke zoɓo da yakuwa suka baza a tsakar gida da kan rufin ɗaki, sai ga ruwa kwana biyu a jere. Rabin kayan yankin ya jiƙe. Wasu suka zubar. Da yawa suka sake shanyawa, kuma ba na ganin laifinsu, wahalar shekara ce. Matsalar ita ce zoɓon da ruwa ya daka aka sake busarwa ido ba ya gane shi. Yana ƙara a hannu, launinsa ja. Sai a baki za ka ji ya mutu. Saboda haka a shekarar nan kowane kaya sai na tauna na sama da na tsakiya da na ƙasa. Ina tashi daga kasuwa haƙorana sun mutu don tsami, ko tuwo ba na iya taunawa. Na tsira da sunana a wurin masu saye, ba buhu ɗaya da aka dawo mini da shi.

Ana gama kakar nan na kwanta. Wannan karon ba ciwon kwiɓi kaɗai ba, har da zazzaɓi da amai, fitsari kuma ɗigo-ɗigo. Allurar kemis ba ta yi komai ba. Aka kai ni wani asibiti a Kano, aka yi hoton ciki. Tsakuwa ta toshe hanyar da fitsari ke bi daga ƙodar hagu zuwa mafitsara, ƙodar ta kumbura, akwai kuma wasu ƙanana a cikinta. Aka yi mini aiki aka fitar da su, na yi kwanaki a gado.

Ranar da za a sallame ni likitar da ke duba ni ta zo da takarda ta zauna. Mace ce, ba ta wuce sa'ar 'yata ta fari ba.

Ta ce, "Baba, an auna tsakuwar taka. Yanzu ina so ka faɗa mini abin da kake ci tun daga safe har dare. Kada ka tsallake komai."

Na faɗa mata shayi, gyaɗa, kwaɗo, tuwo. Tana rubutawa.

"Ruwa fa?"

"Ranar kasuwa sai yamma."

"Kwana nawa kake kasuwa a mako?"

"Huɗu. Da kaka biyar."

Ta ɗago ta dube ni. "Shi ke nan abin da ke shiga bakinka?"

Na ce sai ɗan abin da ake ɗanɗanawa, amma wannan ai ba ci ba ne. Ta ce in yi mata bayani. Da na gama faɗa mata dokokin Malam Ilu guda uku, sai ta ajiye biron.

"Baba, da wani ya zo ya ce in koya masa yadda ake ƙera tsakuwa a ƙoda, da abin da ka faɗa zan rubuta masa."

Ga yadda ta yi mini bayanin, kuma na riƙe shi don na sa ta maimaita. A cikin ganye irin su alayyafo da yakuwa, da gyaɗa, da baƙin shayi, akwai wani sinadari da suke kira oksalet. Tsakuwata haɗin wannan sinadarin ce da kalshiyam. In oksalet ya sauka cikin hanji ya tarar da kalshiyam na nono ko madara da aka sha tare da abincin, sai su manne tun a can, hanji ya kasa tsotse su, su fita da bayan gida. In ya sauka bai tarar da komai ba, sai hanji ya tsotse shi ya shiga jini, jini ya kai shi ƙoda. A can zai tarar da kalshiyam, don jiki ba ya rabuwa da shi ko ka sha nono ko ba ka sha ba. Su manne a can. In akwai ruwa da yawa, fitsari ya wanke su tun suna ƙanana. In babu, su zauna su yi ta girma.

Na ce, "Wato ko ta yaya sai sun haɗu. Magana dai a ina."

"Shi ke nan, Baba. Kai kuwa kana haɗiyar ɗanyen ganye cikinka ba komai, ka hana kanka ruwa a rana, nonon da ke taimakonka kuma ka daina."

"An ce mini nonon ne ke kawo ta."

"Mutane da yawa haka suke zato."

Ta ja mini kunne kada in je in ce wa mutane ganye cuta ne. Ta ce abinci ne mai kyau, kuma ba kowane jiki ke yin tsakuwa ba. Wanda aka dafa aka zubar da ruwan ma, wani kaso na sinadarin ya tafi. Nawa jikin ne ya nuna irinsa, sana'ata kuma ta ƙara masa. Ta ce in rage gishiri da yawan nama, in riƙa shan nono tare da abinci, in sha ruwa har fitsarina ya yi fari. Daga nan ta nuna mini hoton.

"Wannan ƙodar ta sha wuya. In ta sake toshewa haka, ba zan yi maka alkawarin za ta tashi ba. Ko ka bar sana'ar, ko ka bar yadda kake yin ta."

Barin sana'ar ba magana ba ce. Ba ni da gonar da za ta riƙe gida, ban kuma san wani abu ba bayan ganye. Wani ya ba ni shawarar in ɗauki mai ɗanɗana mini. Na ce abin da ya kwantar da ni ba zan zuba shi a cikin wani ba, kuma harshen wani ba nawa ba ne.

Na fara da dokar nono, don ita ake iya gwadawa a gida. Na sa uwargida ta zuba zoɓo iri uku a faifai, na bana, na bara, da wanda ruwa ya daka, ba tare da na ga wanne ne wanne ba. Na sha nono, na tauna. Ban gane komai ba, duk ɗaya. Malam Ilu ya yi gaskiya. Na kurkure baki da ruwa, na jira kamar tsawon alwala da salla, na sake taunawa. Na ware su duka uku. Muka maimaita washegari, haka. Ashe nono yana shafe harshe, amma ba ya wuni a kai, kuma ruwan da aka ce yana raunana harshe shi ke dawo da shi.

Tofarwa ce ba a gwadawa a gida. Don ita na hau babur na tafi wani ƙauye kusa da Watari wurin Inna Hansai. Tsohuwa ce, ita ce babba a cikin matan da ke busar da ganyen lambu a wajen, kuma tun zamanin Malam Ilu take kawo mana kaya. In ta ce wane ba shi da kirki, mako mai zuwa shimfiɗarsa wayam. Na same ta a zaure tana tsince alayyafo. Bayan gaisuwa da ya jiki, na faɗa mata komai, har da hoton.

Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Sale, dama haɗiyewa kuke yi?"

"Inna, shekara nawa kina kallonmu."

"Ni na zaci a kumatu kuke ɓoyewa ku zubar daga baya! Mu da muke nomawa ba ma cin sa haka. Sai mun tafasa, mun zubar da ruwan, mun matse. A duk ƙasar nan masu cin sa ɗanye busasshe ku ne da awaki."

Na ce ai don girmama su ne.

"Wa ya aike ku? Ku maza in kuka kafa doka sai ku ce don mata kuka yi." Ta ci gaba da tsincewa, sannan ta daina dariyar. "Amma kada ka ji na faɗi haka ka je ka tofar a gaban yaran nan. Wallahi sai su ce ka raina su. Mace ta kwana biyar tana juya ganye a inuwa, ba za ta so ta ga an tofar ba."

"To yaya zan yi?"

Ta ce, "Ka nemi gwangwani mai murfi. In ka tauna, kada ka tofar sai ka yi tayi tukuna, abin yana bakinka. Ta ji kuɗin kayanta, ta san ba don ya ɓaci ba ne. Kuma ka tofar da na kowa, mai kyau da marar kyau, har nawa. In ka haɗiye na wata sau ɗaya, ka ɓata komai. Sauran ka bar mini, zan gaya musu likita ce ta hana ka."

Na yi mata godiya, na tashi.

Ta ce, "Ka ce wa Gajere shi ma ya daina."

"Ba zai ji ba."

"Na sani. Ka dai faɗa."

Ranar da na koma kasuwa na je da jarkar ruwa da buta da gwangwanin. Da hantsi na kira mai fura, na sha rabin ƙwarya da ɗan ƙuli, na kurkure baki. Duk layin suka zuba mini ido.

Haruna ya ce, "Jama'a ku zo ku gani, Alhaji ya buɗe gidan abinci. Saura katifa."

Na ce, "Inna Hansai ta ce in gaya maka ka daina haɗiya."

"Ka gaishe ta. Ni cikina na maza ne."

Inna Hansai ce ta fara kawo kaya, da gangan. Na zura hannu, na matse, na tauna, na yi tayi da abin a bakina, ta ce ban isa ba, na ƙara, ta sallama. Na juya gefe na tofar a gwangwani na rufe. Ta ce da ƙarfi yadda na baya za su ji, "Allah ya ƙara sauƙi, Alhaji." Matan Watari suka bi bayanta ba wata magana.

Amma maganarta ba ta kai ko'ina ba. A Kunci wata mata mai kawo yakuwa mai kyau ta ga na tofar, ta ɗaure bakin buhunta.

Na ce, "Hajiya, ai na yi tayi, kayanki ba abin da ya same su. Larura ce."

Ta ce, "Larurar ba ta tashi ba sai a kan nawa?"

Ta ja buhun taku uku zuwa wurin Haruna. Ya tauna, ya haɗiye, har da lashe baki yana kallona. Har yau shi take kai wa. Akwai wasu 'yan kaɗan irinta, ban kuma bi su da roƙo ba.

Asarar da ta fi ita ce ta tashi zuwa kewayawa. Mai shan ruwa yadda aka ce in sha sai ya kewaya sau uku ko huɗu kafin la'asar, kuma a kasuwar ƙauye wurin kewayawa ba kusa yake ba. A Zakirai, kakar da ta biyo baya, akwai wani manomi da na yi mako uku ina jira. Zoɓonsa baƙi ne mai kauri, irin wanda masu kaiwa kudu ke rububi. Na riƙe fitsari tun hantsi ina duban hanya, har na ji kwiɓina ya fara nauyi. Na ɗauki buta na tafi. Ina dawowa na tarar da amalanke a gaban shimfiɗar Haruna, ana sauke buhu na ƙarshe.

Haruna ya ce, "Ya tambaye ka fa. Na ce Alhaji ya tafi ofis."

Na zura hannu a buhu ɗaya na tauna, don in san abin da ya wuce ni. Ban ga zoɓo kamarsa ba a shekarar. Na tofar a gwangwanina, na ce Allah ya sa albarka, na taya Haruna ɗinke buhu biyu don basillarsa ta karye.

Bayan kakar na koma asibiti yin hoto, kamar yadda aka ce in riƙa yi. Likitar ta daɗe tana kallon allon na'urar hoton, tana matsa kan na'urar a kwiɓina.

"Babu sabuwa, Baba. Ko ƙarama babu."

"Ƙodar fa?"

"Kumburin ya sauka. Ba ta koma yadda take da ba, kuma ba za ta koma ba. Amma tana aiki." Ta miƙo mini tsumma in goge cikina. "Ka bar sana'ar ke nan?"

"Ina nan a ciki."

"Kasuwa fa?"

"Ta ragu."

"Da yawa?"

"Daidai yawan zuwana kewayawa."

Ta rubuta wani abu a katin, ta ce in dawo baɗi war haka, in kuma na ga jini ko zazzaɓi kada in tsaya a kemis. Na fito, na sayi ruwa leda biyu a bakin ƙofa, na shanye ɗaya a tsaye, na sa ɗaya a aljihu, na nemi motar gida, don washegari akwai kasuwa.